Shekarar da Na Zauna a Ajin 'Yata

Ni tela ne, kuma da ɗinki aka san ni tun muna ƙauyenmu Randagi. Amma a unguwar da muke zaune yanzu a cikin Birnin Gwari, in baƙo ya zo neman shagona, ba a yi masa kwatance da masallaci ko injin niƙa. Cewa ake yi, "Au, wannan da ya koma makarantar yara?" Da zolaya aka fara faɗa. Ban taɓa hana kowa ba, don gaskiya ce.

'Yata ta biyu ce sanadi. A ƙauye aka haife ta, lafiya lau, da ƙibarta. Sai dai komai nata a makare yake zuwa. Sa'anninta suna rarrafe, ita tana koyon zama. Suna guje-guje a tsakar gida, ita tana dafa bango. Ba ta saki hannu ta taka ba sai da ta kusa shekara uku. Magana kuwa, har ta cika biyar abin da ke bakinta bai wuce "Baba" da "ruwa" da "a'a" ba. Sauran buƙatunta da hannu take nunawa, in ba a gane ba ta zauna daɓas ta yi ta kuka.

A daminar da 'yan bindiga suka hana mu noma suka hana mu barci, na ɗaure keken ɗinkina a bayan babur, muka baro ƙauye muka kama ɗaki biyu a gari, ni da matata da yara da mahaifiyata. A nan ne mutane suka samo wa yarinyar dalili. Duk wanda ya gan ta sai ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, firgita ce. Ƙarar bindiga ce ta ɗauke mata baki." Da na so, da na yi shiru na karɓi tausayin, don ya fi sauƙi. Amma ni na san haka take tun kafin a yi harbi ko ɗaya a ƙauyenmu. Sai in ce musu, "Ba firgita ba ce. Haka Allah ya yi ta." Su dube ni kamar na zage su.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita iska ta ɗora wa laifi. An sha rubutu, an yi turare, an yi tofi. Ban hana ba, don addu'a ba ta ɓata komai. Amma na kai yarinyar asibiti a nan gari, aka duba kunnenta aka ce tana ji, aka ce in da hali mu je Kaduna. Kowa ya san yadda hanyar Kaduna take a lokacin. Muka jira ranar da motoci za su tashi a jere da rakiyar sojoji, muka shiga, ba wanda ya yi hira a motar har muka fita daga dajin.

A Kaduna wata mata ce ta gan mu, mai aikin koyar da yara magana. Ba ta ba mu magani ba. Ta zauna a ƙasa da yarinyar, suka yi wasa da murafen kwalba, sannan ta ce da ni, "Malam, 'yarka tana fahimta fiye da yadda take iya faɗa. In za ka yi mata magana ka durƙusa ta ga bakinka. Ka taƙaita. In ka tambaye ta abu, ka jira, kada ka amsa mata. Kuma kada ku ɓoye ta. Ku sa ta makaranta, ta shiga cikin yara."

Na ce, "A hakan?"

Ta ce, "A hakan."

Da aka buɗe makarantu na riƙe hannunta muka tafi firamaren unguwarmu, inda ake da ajin ƙananan yara kafin aji ɗaya. Hedimastan dattijo ne mai sanyin magana. Ya gai da yarinyar, ba ta amsa ba. Ya tambayi sunanta, ta ɓuya a bayan rigata. Na yi masa bayani ban rage komai ba.

Ya numfasa ya ce, "Malam, ba ƙi nake yi ba. Leƙa ajin nan ka gani. Yaran Kakangi suna ciki, na Dogon Dawa suna ciki, na ƙauyukanku suna ciki, malama kuma ɗaya ce. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Makarantar ba katanga, ga jeji a bayanmu. In ta fice ba wanda ya gani, wa za ta gaya wa gidansu? Ka bari bakinta ya buɗe tukuna."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ina zai buɗe? A bayan ƙyaure?"

Ya ce, "To wa zai kula da ita?"

Ban shirya amsar daga gida ba. Matata tana jego a lokacin, Inna kuma ƙafa ta hana ta doguwar tafiya. Sai na ji bakina ya ce, "Ni."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya tsaya. "A cikin aji za ka zauna? A ina aka taɓa yin haka?"

Na ce, "A nan za a fara."

Ya aika aka kira malamar ajin. Gbagyi ce, Kirista, doguwa, mai murya kamar ta mai kiran kasuwa. Ta saurare mu tana kallon yarinyar, ba ni ba. Da muka gama ta ce, "In zai zauna, ya zauna. Amma a ƙasa, kamar kowa. Kuma ni ce malama, ba shi ba." Na ce na yarda.

Ranar farko ban ga abin da zan yi alfahari da shi ba. A makarantar wani tsohon ƙarfen tayar mota ne aka rataye a bishiya ake bugawa a madadin ƙararrawa. Ana buga shi yarinyar ta toshe kunnuwanta ta kurma ihu. Na ɗauke ta muka shiga aji, yara suka taso da gaisuwa baki ɗaya, ta ƙara firgita, ta cije ni a hannu. Kafin ƙarfe tara ta jiƙa wandonta, don maɓallin ya gagare ta kuma ba ta iya faɗa ba. Wani yaro ya nuna ta ya ce, "Bebiya ta yi fitsari!" Ajin ya ɗauka. Ni kuma ga ni zaune a tabarma, gwiwoyina sun kusa kai haɓata, da gemuna da hulata, ina goge ƙasa da tsumma.

Da muka koma gida matata ta ga shatin haƙori a hannuna, ta juya baya tana share ido. Inna ta ce, "Ai na faɗa. Yarinyar nan ba ta makaranta ba ce. A bar ta kusa da ni, ina ce ba ta tare wa kowa komai ba?"

Washegari da yamma yayana ya zo shago. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Bai zauna ba.

Ya ce, "Me nake ji? An ce an gan ka cikin 'yan yara kana tafa hannu."

Na ce, "An gan ni, Yaya."

"Ba ka jin kunya? Mun baro gonakinmu mun zo garin mutane, abin da ya rage mana mutunci ne. Shi ma za ka zubar? Irin waɗannan yaran ana rufa musu asiri ne, ba a kai su kasuwa."

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Na ajiye almakashi na ce, "Yaya, wane asiri? Sata ta yi? An kore mu daga gona, mun tashi. An kore mu daga gida, mun tashi. Yanzu kuma 'yata za a kora daga cikin mutane in ce to? Wannan karon ba inda za ni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ya ce, "Za ka gaji."

Na ce, "In na gaji zan huta in koma."

Ya fita bai yi sallama ba. Mun daɗe muna gaisuwar nesa bayan nan.

Na koma. Amma ban koma yadda na je da farko ba. Na zauna a keke na warware wandon makarantarta, na cire maɓalli na sa roba, yadda za ta iya ja da kanta. Muka fara isa makaranta tun kafin kowa, ta shiga ajin yana shiru, ta zauna a wurinta kusa da ƙofa, yara su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna iske ta, maimakon ita ta faɗa cikinsu. In lokacin buga ƙarfe ya kusa, malama ta ɗaga mata hannu, ita kuma ta toshe kunne da kanta tana jira. Abin da take tsoro ba ƙarar ba ce kaɗai, zuwan ta ba shiri ne.

Malamar ba ta da lallashi, amma tana da ido. Wata rana na ga tana tambayar yarinyar, "Wanne ne kofi?" Ta ɗaga kofi da alli. Yarinyar ta yi shiru. Shirun ya yi mini tsawo, na buɗe baki zan taimaka, malama ta daka mini tsawa a gaban yara, "Baba, ba kai na tambaya ba!" Ajin ya fashe da dariya. Can sai ga ɗan yatsa ya ɗago a hankali ya nuna kofi. Da aka tashi malamar ta ce mini, "Ni da aka kawo ni makaranta ba na jin Hausa ko kaɗan, yarenmu kawai na sani. Shekara guda na yi ban ce uffan ba, ana ce mini daƙiƙiya. Alhali komai yana shiga. Ka bar ta ta yi shirunta."

Na fara zuwa da ƙyallayen da suka rage a shago, don yarinyar tana son murza su a hannu in hankalinta ya tashi. Malama ta gani ta ce in ƙaro. Suka zama abin koyon launi na ajin gaba ɗaya: a ɗaga ja, a ɗaga kore, a ware masu zane daga marasa zane. A wannan wasan 'yata ba ta baya, don a cikin ƙyalle ta tashi. Yaron nan da ya kira ta bebiya shi ne ya fara matsowa kusa da ita yana leƙen wanda ta ɗauka kafin ya ɗauki nasa.

Shagona sai azahar nake buɗewa. Wasu masu kawo mini ɗinki suka gaji suka kai gaba. A majalisar bakin titi in na wuce da safe sai a ce, "Ɗan makaranta, a yi sauri, za a rufe ƙofa!" Wani ya ce in na gama aji ɗaya a gaya masa ya sayo mini alewa. Sai in ɗaga musu hannu in ce, "Ku taso mu je, akwai wuri." A raina kuwa akwai ranakun da nake jin kamar ƙasa ta tsage. Ba na nuna musu. Yarinyar tana riƙe da hannuna, kuma tana jin duk abin da hannun yake yi.

Bayan hutun farko malama ta ce in fita daga aji in koma bakin taga. Daga baya ta ce in koma gindin bishiya. Ta koya wa yarinyar abu guda: in ta tsorata ba ta gan ni ba, ta zo ta kama bakin zanen malama.

Ina gindin bishiyar nan wata safiya sai aka ji rugugin babura da yawa daga wajen jeji. Wani ya yi ihu daga titi, "Ga su nan!" Wanda bai zauna a ƙasarmu ba ba zai san abin da kalmomin nan suke yi wa mutum ba. Yara suka ɓarke ta ƙofa da taga, manya suna tattake ƙanana, takalma ko'ina. Na nufi ajin ina kutsawa cikin masu fitowa. Na iske 'yata ta ƙanƙame zanen malama da hannu biyu, ta sandare, ta ƙi motsi. Malamar tana tsaye a tsakiyar aji tana ƙwala wa sauran kira su dawo su kwanta a ƙasa, ga wasu ƙanana sun maƙale mata su ma. Na ɗauki tawa, ta ɗauki biyu, muka tsuguna a lungu.

Ashe 'yan sa-kai ne suke dawowa daga sintiri. Ba abin da ya faru, sai yaro ɗaya ɗan ajinsu da ya faɗa kwata a guje ya karye a hannu.

Sati bai zagayo ba aka kira taron iyaye. Ban san da ni za a yi ba sai da uban yaron da ya karye ya miƙe. Mutumin kirki ne, na san shi, shi ma gudun hijira ya kawo shi. Ya ce, "Da malama ba ta tsaya kan yarinya ɗaya ba, da ta bi yaranmu. Ba mu ƙi ta ba, Allah ya sani. Amma a wannan zamanin, yaron da ba zai iya gudu ba a bar shi a gida." Mutane da yawa suka gyaɗa kai. Hedimasta ya dube ni, irin kallon nan na na-gaya-maka.

Na miƙe. Na fara yi wa mutumin jaje, don karayar ɗansa ta dame ni har zuciya. Sannan na ce, "Jama'a, ku dubi abin da muke shirin yi. Waɗanda suke cikin daji sun raba mu da garuruwanmu. Yau ko zuwa ba su yi ba, ƙarar babur kawai muka ji, za mu fara zaɓen yaran da za su yi karatu da waɗanda za a kulle. In mun cire wadda ba ta gudu, gobe sai gurgu, jibi sai mai ciwon ido. Mu da kanmu za mu ƙarasa musu aikin? 'Yata ba ta fita. In kun ga ba ta zo ba, to ba ta da lafiya ne, ko ni na mutu."

Aka fara gunaguni. Sai malama ta tashi daga bayan mata. Ba ta goyi bayana yadda na zata ba. Ta ce, "Ni ban tsaya don 'yarsa ba. Ko babu ita ba zan bi yara a guje ba, don ban san ta ina abin yake zuwa ba. Yaran da suka tsaya tare da ni ba wanda ya ji ciwo. Matsalarmu ba yarinyar nan ba ce. Matsalarmu ba mu taɓa koya wa yara abin da za su yi in an yi ihu ba. Ita kaɗai aka koya wa, ita kuma ta yi."

Ba a tafa wa kowa ba. An yi ta ja-in-ja har rana ta take. A ƙarshe hedimasta ya ce yarinya za ta ci gaba da zuwa, kuma kowane aji za a riƙa gwada musu inda za su taru in an ji hayaniya. Wasu iyaye suka tafi suna fushi. Mutum biyu suka cire yaransu, ɗaya ya dawo da nasa daga baya. Ni kuma na je na duba yaron da ya karye, na tafi masa da rigar da na buɗe wa hannu don ta shiga kan ɗaurin. Uban ya karɓa ya yi godiya, ba mu tayar da maganar taro ba.

Ba zan ce 'yata ta zama kamar sauran yara ba, don ba ta zama ba. Ajin ƙananan nan sau biyu ta yi shi. Yanzu tana firamare, tana haɗa kalma uku ko huɗu, wanda bai saba da ita ba sai ya kasa kunne sosai. Karatu yana ba ta wuya, akwai ranakun da take dawowa a fusace ta jefar da jaka. Amma tana zuwa da ƙafarta tare da yaran maƙwabta, tana sanin in an zalunce ta, tana kuma kai ƙara. Inna, wadda ta ce ba ta makaranta ba ce, ita ce yanzu take zaunar da ita ta rera mata waƙar da aka koya musu, tana gyara mata inda ita kanta ba ta sani ba.

Kwanakin baya wani Bafulatani da nake yi wa ɗinki ya tsaya bayan kowa ya watse. Shanunsa sun ƙare a daji, yanzu a gefen gari yake zaune. Ya daɗe yana juya sandarsa kafin ya ce yana da yaro ɗan shekara shida da ba ya magana, ba ya kuma yarda a taɓa shi, uwarsa ba ta barin sa ya fita ko ƙofar gida. Ya ce an gaya masa ni na san magani.

Na ce masa ba ni da magani. Na ce ban san ko yaron zai yi magana ba, kuma duk wanda ya yi masa alkawarin haka ƙarya yake yi. Na ce abin da na sani kawai shi ne ya kai shi makaranta. Na gaya masa za a yi masa dariya, kuma ranar farko za ta fi kowace rana muni.

Ya ce, "To in hedimasta ya ƙi fa?"

Na ce, "Tare za mu je."

Ran Litinin muka je, shi da yaron a gaba, ni a baya. Hedimasta yana hango mu ya cire tabarau ya dafe goshi. Sannan ya ce da mai gadi, "Je ka kira mini malama."